A duba rezo kafin a duba gyara

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau maganarmu a kan wayar salula take. Wani zai ce mi ya haɗa waya da shafin lafiya da noma? Amsar tana cikin gidajenmu. Da waya ake kiran majo in naƙuda ta yi gardama cikin dare. Da ita ake jin kuɗin tiyar wake a kasuwar Maraɗi kafin a ɗora buhu bisa amalanke. Da ita ɗan ci-rani yake aiko kuɗin iri da na taki daga Abijan ko Legas. Amma duk wannan sai da rezo, kuma a ƙauyukanmu da yawa rezo baƙo ne, yau ya kwana, gobe a neme shi a rasa.

Ra'ayinmu shi ne: kada mutumin karkara ya zaɓi layi don talla, ko don gyaran da kamfani ke bayarwa in an sa kati. Ya zaɓi layin da ke kamawa a garinsu, dare da rana, rani da damana, wanda zai sada shi da gidan likita. Kuma wannan zaɓe aikin gari ne baki ɗaya, ya fi ƙarfin mutum guda.

Abin da waya ta kawo mana

Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, mai suna Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake. Da can ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je ya gani. Da waya ta zo, yana zaune zai ji inda hatsi ya yi araha da inda ya yi tsada, sai kaya su bi inda ake bukatarsu.

A fagen yaƙi da jahilci ma an gwada. A shekarar 2009 aka fara wani shiri a jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa manya karatu da rubutu tare da aiki da waya. Waɗanda aka koya wa rubuta saƙo da karanta lamba sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da ta lissafi, don kuwa abin da hannu ke taɓawa kullum ba ya saurin ɓacewa.

To, garin da babu rezo an bar shi baya a duk wannan. Manominsa yana sayarwa a farashin da mai saye ya faɗa. Mai cikinsa tana jiran gari ya waye.

Mi ya sa yake kamawa nan, ba ya kamawa can?

Waya ba ta magana da waya kai tsaye. Muryarka tana zuwa ga dogon ƙarfen nan da ake kira anteni, daga can a miƙa ta. Kowane kamfani yana da wuraren da ya kafa nasa, kuma ya fi kafawa inda jama'a ke da yawa: birane, manyan kasuwanni, da bakin kwalta. Shi ya sa matafiyi daga Yamai zuwa Damagaram yake samun rezo a mafi yawan hanya, amma in ya ratse daji sai sandunan da ke fuskar wayarsa su dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Nisa ne na farko. Na biyu shi ne abin da ya tsaya tsakaninka da anteni. A ƙasar Adar, wajen Keita da Buza da Madawa, garin da ke cikin kwari yana iya rasa rezo alhali na bisa dutse yana samu. A arewa, wajen Tanut da Dakwaro, tudun rairayi yana yin haka. Katanga mai kauri da rufin kwano su ma suna rage shi. Na uku shi ne wuta. Anteni yana aiki da lantarki, ko inji, ko hasken rana. In man inji ya ƙare ko batir ya mutu, gari duka ya yi shiru. Na huɗu cunkoso ne: ranar kasuwa ko ranar salla, mutane dubu suna neman hanyar da aka yi domin ɗari.

Saboda haka babu layin da ya fi kowane kyau a ko'ina. Wanda ya yi fice a Tasawa yana iya zama kurma a wani ƙauye da ke nesa kaɗan. Duk wanda ya ce muku layi kaza ya fi, ku tambaye shi: a wane gari?

Suna ba ya kawo rezo

Dattawa sun ga yadda sunaye ke sauyawa. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya koma Moov. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da harkarsa a 2019, aka samu Zamani. Sonitel da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecoms. An sake fentin shaguna, an sake launin huluna da riguna. Amma mai gona a bayan tudu bai samu rezo don an sake fenti ba. Sai ranar da aka kafa anteni kusa da shi.

Haka zancen gyara yake. Masu talla suna zuwa kasuwa da amsa-kuwwa, suna cewa ka sa kaza a ba ka kaza. Sau da yawa gyaran yana da wa'adi na ƴan kwanaki, ko kuma ba a kira da shi sai cikin layin kamfanin. In rezon bai kai gidanka ba, wa'adin zai cika ba ka ci ko dala ba. Mai hankali ba ya karɓar gyara bisa hatsin da ƙwari suka cinye.

A gwada, a rubuta

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga abin da muke ba da shawara, kuma ajin yaƙi da jahilci na kowane gari zai iya ɗaukar nauyinsa, domin aiki ne na karatu da lissafi.

A samu littafi guda. A tara mutane masu layi daban-daban. A zaɓi wurare biyar ko shida: ƙofar mai gari, masallaci, bakin rijiya, makaranta, ɗakin shan magani in akwai, da hanyar gonaki. A kowane wuri a yi kira na gaske, kada a tsaya ga duban sanduna, don wani lokaci sanduna suna nan amma magana ba ta fita. A gwada da safe, da rana, da kuma bayan sallar isha'i. A yi haka kwana bakwai, har da ranar kasuwa. Duk kiran da ya shiga aka ji juna sosai, a yi masa alama. Wanda ya yanke ko ya ƙi shiga, a yi masa wata alama. A ƙarshen mako a ƙidaya.

Littafin zai nuna abu biyu: layin da ya fi kamawa a garin, da wurin da ya fi kamawa. Wannan wuri kowa ya san shi, har yara. In damana ta faɗi a sake gwaji, domin hadari da iska suna taɓa anteni da wutarsa.

Lambar likita ita ce ta farko

A shafi na farko na littafin a rubuta lambar majo, da ta ungozoma, da ta direban motar asibiti, da ta mai mota ko mai babur na gari wanda ya yarda a tashe shi cikin dare. Bayan su a sa ta malamin gona da ta likitan bisashe. A tambayi kowannensu layin da ya fi samunsa. Lambar farko tana nuna layi: 96 da 97 na Airtel ne, 94 na Moov, 90 da 91 na Zamani, 93 na Niger Telecoms. Duk wanda ya zauna aji ya kamata ya iya karanta lamba takwas ɗin nan, ya kuma iya danna su da kansa.

Mun sa wannan a gaba ne saboda akwai cutar da ba ta jira. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a taimake ta ba. Haka mai ciki da ta fara jijjiga, da naƙudar da ta wuce awa 12, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi suma a watan Agusta ko Satumba, da wanda maciji ya sara a gona. A irin wannan dare ba a fara neman inda rezo yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wasu dabaru in rezo ya yi rauni. A fito daga ɗaki, a je wurin da aka sani, a tsaya cik, kada a yi ta yawo ana magana. In kira ya ƙi shiga a rubuta gajeren saƙo, domin saƙo yana wucewa ta ƙaramar kafa: sunan gari, abin da ya faru, a zo da mota. Mai babbar waya ya mai da ita kan 2G, wanda galibi ya fi 4G kai wa nesa a karkara. A sani kuma waya tana shan caji da sauri inda rezo ba shi da ƙarfi, don haka wayar gaggawa ta kwana da caji da ɗan kuɗi a ciki. Bip ba kira ba ne, kada a yi wa majo bip a zauna jira. Kuma kada neman rezo ya sa mutum hawa itace cikin duhu, ko tsayawa bisa tudu ana tsawa.

Masu cewa kuɗi, da masu tafiya da waya

Wani zai ce duk dangina layi kaza gare su, in na sake zan yi asara. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma sabon layi sabuwar lamba ce. Amma yawancin ƙananan wayoyi suna ɗaukar layi biyu. A riƙe na zumunci, a ƙara na gaggawa. A yi masa rajista da katin ɗan ƙasa na mai shi, a riƙa aiki da shi jefi-jefi, domin layin da ya daɗe kwance kamfani yana rufe shi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Bayan girbi maza suna tafiya ci-rani, waya tana bin aljihunsu. Gida ya rage daga mata sai yara da tsofaffi, wato waɗanda suka fi bukatar likita. Magidanci na kirki, kamar yadda yake barin hatsi a rumbu, ya bar waya a gida, ya tabbata uwargida ta iya aiki da ita. Inda hali bai kai ba, ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka samo asali a jihar Maraɗi tun 1991, suna iya sayen waya guda ta ƙungiya, a ajiye ta hannun mai amana wadda ƙofarta ba ta rufuwa.

Ƴan bakin iyaka

A wajen Ƙonni, da Madarumfa, da Ɗan Isa, da Magarya, wasu garuruwa sun fi samun rezon Najeriya. Riƙe layin can yana da amfani ga ciniki da zumunci. Amma a tuna abu biyu. Kiran majo da layin Najeriya kira ne zuwa wata ƙasa, sai an sa 227 a gaba, kuma ya fi tsada. Sannan a watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya sun rufe rezo a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda ya dogara ga layin maƙwabta kaɗai, ranar da suka rufe ƙofa ba shi da ta cewa.

Garin da babu ko ɗaya

In gwaji ya nuna babu layin da ke kamawa, littafin bai zama banza ba, ya zama shaida. Akwai hukumar ARCEP da ke sa ido bisa kamfanonin waya, kuma a 2023 ta ci su tara saboda rashin ingancin aiki. Kuka a dandali ba ya kai wa gare ta. Takarda ita ke tafiya. A rubuta sunan gari, da yawan jama'arsa, da ranar kasuwarsa, da nisansa da gidan likita, da sakamakon gwajin kwana bakwai. Mai gari ya sa hannu, a bi ta wurin sarki da shugabannin ƙaramar hukuma. Garuruwa maƙwabta su haɗa takarda guda, domin kamfani yana ƙidayar kawuna kafin ya kafa anteni, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga hukuma da kamfanoni kuwa, kiranmu shi ne a fara da garuruwan da ke da gidan likita. Bai dace a gina ɗakin haihuwa ba, a sa ma'aikaciya a ciki, sannan a bar ta ba ta da hanyar kiran mota.

Malaman aji, ga aikin wannan wata: littafi guda, kwana bakwai, lambar majo a shafin farko. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.