Wane Nagin Ka Kalla: Na Kaset, Na Faifai Ko Na Memori?

Jama'a, ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Tunda aka gama yankan gero aka samu sararin zama, musun tsofaffin fina-finan Indiya ya dawo majalisunmu na Dambatta da Makoɗa. Matasa sun ce Nagin ɗin da muke zuzutawa ba shi da wani abin tsoro, dariya ma yake ba su. 'Yan arba'in da ɗoriya kuma sun rantse akwai wanda ya yi mako guda bai iya bin hanyar gona da magariba ba bayan ya kalle shi. A ganina kowa gaskiyarsa yake faɗa, domin abin da ya isa idon wannan daban yake da wanda ya isa idon wancan.

Mu fara tantance fim ɗin, don masu tura fim a waya suna cakuɗa su. Akwai Nagin na 1954, na Vyjayanthimala, wanda daga cikinsa busar gardawan nan da kowa ya sani ta yi suna, amma shi labarin soyayya ne. Akwai Nagina na 1986, na Sridevi da Rishi Kapoor da Amrish Puri, wanda muke kira Mugambo. Wanda nake magana a kai shi ne Nagin na 1976, da Rajkumar Kohli ya ba da umarni. Reena Roy ce macijiyar, Jeetendra ne mijinta, sai su Sunil Dutt da Feroz Khan da Sanjay Khan da Kabir Bedi da Vinod Mehra da Anil Dhawan a matsayin abokai shida. Ɗayansu ya harbe macijin, matar ta ga hoton su shidan a ƙwayar idon mijinta, ta shiga rikiɗa tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Laxmikant da Pyarelal ne suka yi kiɗan.

To ga kwafi huɗu da suka zaga ƙauyukanmu.

Na farko kaset ɗin bidiyo, irin wanda 'yan kasuwa ke sarowa daga Ƙofar Wambai. Hotonsa dishi-dishi ne, da layi-layi a ƙasa, don galibi kwafin kwafi ne, kuma duk gurzawa ɗaya sai an yi asarar haske da kala. Amma kaset ɗaya yana cin awa uku, saboda haka mai gurzawa ba shi da dalilin yanke komai. Waƙa tana nan, shirun da ake yi kafin macijiya ta fito yana nan. A gidan kallo, cikin duhu, janareta yana ruri a bayan danga, wannan dishi-dishin ma ƙara wa abin kwarjini yake yi, kuma yana rufa wa macijin roba asiri.

Na biyu faifan CD na bidiyo. Shi ne ya kashe kaset saboda araha, amma faifai ɗaya ba ya wuce minti 80. Fim ɗin Indiya na wancan zamani yakan haura awa biyu, wani ya doshi uku, ka ga ke nan in ana son adalci wani sai faifai uku. Mai satar fasaha ba zai yi asarar faifai na uku ba, sai ya datse waƙoƙi da duk inda yake ganin ba a faɗa. A fim irin Nagin kuwa waƙa tana cikin labarin, da rawa da murmushi macijiyar take jan mutum kafin ta gama da shi. In ka cire wannan, sai ka ga ƙato ya mutu haka kawai, ba ka san me ya kai shi ɗakin ba.

Na uku DVD. Na asali yana da hoto garau da fassarar Turanci a ƙasa, kuma shi ne ya fi kusa da abin da iyayenmu suka gani a majigin silima irin su Plaza da Orion da Eldorado a birni. Sai dai wanda ya fi zuwa mana shi ne mai fim takwas ko goma a faifai guda. Wurin da aka yi domin fim ɗaya aka cusa goma, dole a matse kowanne. Fim ɗin tsoro kuwa rabinsa dare ne, kuma duhu ne abu na farko da matsewa take lalatawa. Maimakon ka hango wani abu yana motsi a cikin ciyawa, sai ka ga baƙaƙen murabba'ai suna rawa a allo.

Na huɗu shi ne na memori, wanda yaranmu suke karɓowa a shagon caji. An matse shi ya shiga ƙaramar waya, wani lokaci an ɗora masa muryar Hausa, wani lokacin ma taƙaitaccen labari ne kawai. Ni ba na cikin masu zagin fassara. Ita ce ta sa gwaggo da inna suke bin labari ba sai wani yaro ya zauna yana yi musu ƙarya ba. Amma a wani kwafi da na gani, mai fassarar ya danne kiɗan asali, ya cika wurin da barkwanci, har a inda ake jan gawa. Yaron da ya kalli wannan da rana tsaka, a allon da bai kai tafin hannu ba, abokai suna hira a kansa, don Allah da me zai tsorata?

Hukuncina: cikakken kwafi mai sautinsa na asali ya fi kwafi mai kyan hoto da aka yi wa gunduwa-gunduwa. In ka samu DVD na asali, shi ne na ɗaya. Kaset mai lafiya na biyu. Sauran biyun, ka ji labarin Nagin ne kawai.

Na san wani zai ce, Malam, kai albashi kake ɗauka, manomin da yake biyan kuɗin caji ina ya ga data ta sauke babban fayil? Gaskiya ne, kuma ban ce a hana shi ba. Abin da nake gudu shi ne ƙaramin kwafin ya zama shi kaɗai ya rage a duniya. Su Indiyawa ba su da wannan fargaba sosai, tun 1964 suke da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a birnin Pune. Mu fa?

A shekarar 1976 ɗin da Nagin ya fito aka yi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, Jamusawa suka taimaka aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ya tsira ne don a zaren silima aka ɗauke shi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa da ya fito a 1990, da su Sangaya da Wasila, a zamanin kaset aka haife su. Zaren kaset ba ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina, kuma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da yake ƙera na'urar bidiyo, ya daina. In kaset ɗin asali ya mutu, abin da jikokinmu za su gada shi ne matsattsen kwafi mai tambarin wani a kusurwa. Su ma za su kalla su ce, au, dama wannan ne kuke ta zuzutawa?

Saboda haka roƙona biyu ne. Duk mai tsohon kaset a cikin adaka ko a kan rumbu, na Hausa ko na Indiya, kada ya bai wa yara su warware zaren su ɗaura a gona don korar tsuntsaye. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da lasifika, a nemi mai na'ura ya juye shi cikakke ba tare da matsewa ba. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da Jami'ar Bayero kuma, su ne suka fi cancanta su buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan kaya, su biya masu su hakkinsu.

Yanzu ku faɗa min, a wane kwafi kuka fara ganin Nagin, kuma wa yake da bidiyo mai aiki tsakanin Dambatta da Kunchi? Allah Ya ba mu albarkar kaka.