Labaran aljanun cikin birni: Hana yara karantawa ba shi ne mafita ba

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ke jan hankalin matasa a duniya, wanda ke ɗauko aljanu da mayu da matsafa daga dokar daji ya zaunar da su a tsakiyar birni, cikin kasuwa da makaranta da lungun unguwa. Labaran na da duhu da ban tsoro, shi ya sa iyaye da dama ke ɗar-ɗar da su.

Misali mafi kusa shi ne Akata Witch na Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar Amurka mai asali da ƙabilar Ibo, wanda ya fito a 2011. Kamfanin Cassava Republic da ke Abuja ya buga shi da sunan What Sunny Saw in the Flames. Tauraruwar labarin, Sunny, zabiya ce 'yar shekara 12 da aka haifa a Amurka, take zaune a Aba. Ita da abokanta uku ne suka tunkari wani matsafi mai sace yara yana kashewa.

Idan aka cire sihirin, abin da ya rage ba ƙage ba ne. Satar yara da kisan tsafi da tsangwamar zabiya duk abubuwa ne da yaro ke ji a rediyo da bakin manya, sau da yawa ba tare da wani ya zauna ya yi masa bayani ba. Littafi na ba shi damar fuskantar wannan tsoro yana zaune a ɗaki, ya kuma ga sa'arsa ta tsaya da ƙafarta.

A Turai da Amurka an jima da karɓar irin waɗannan littattafai. The Graveyard Book na Neil Gaiman ya buɗe ne da kisan iyalin wani jariri, wanda fatalwoyi suka raina a maƙabarta. Duk da haka ya lashe kyautar Newbery a 2009, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabin yara a Amurka.

Bahaushe ma ba baƙon abin ba ne. Da Dodo kakanni suka koya wa jikoki illar ƙin jin magana da bin baƙon da ba a sani ba. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam cike suke da abubuwan al'ajabi, kuma an daɗe ana karantar da su a makarantu.

Sai dai damuwar iyaye na da tushe. Akwai labaran da ke ƙawata tsafi, akwai masu zubar da jini fiye da kima, akwai kuma na manya zalla da ke yawo a WhatsApp da Wattpad ba tare da wata alamar shekaru ba. Yaron da aka ƙwace wa littafi da rana, a waya zai nemi wanda ya fi shi muni da dare.

Don haka aikin na kowa ne. Marubutan Hausa su rubuta wa 'yan shekara 10 zuwa 15 nasu labaran, waɗanda za su gudana a Kurmi ko tsohuwar ganuwa ko tashar mota, mugu ya ga ƙarshensa, yaro kuma ya tsira da hankali da addu'a da taimakon na gari. Masu buga littattafai su riƙa rubuta shekarun da suka dace a bango. Iyaye da malamai su fara leƙa littafin, sannan su tattauna da yaro a kan abin da ya dace da tarbiyya da addini da wanda bai dace ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba bambance ƙage da gaskiya a gaban iyayensa, da wuya wani ya ruɗe shi a waje.