Masu cewa allurar baya tana gurgunta mata, ku zo mu yi ta

1/ Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, wai duk macen da aka yi wa allurar baya wajen haihuwa ita da miƙewa har abada, saura kaɗan ya janyo mana makoki a gida. Yau kam sai na yi magana. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Watan jiya Yayata ta kwana tana naƙuda. Likita ya ce bugun zuciyar jaririn yana sauka, a shiga tiyata. Ta ce wallahi ba mai taɓa mata baya. Gwaggo na gefe tana ƙara zuga ta. Awa biyu ana lallashi. Da aka ciro yaron, sai da aka sha fama kafin ya yi kuka. Allah ya rufa asiri, yana nan da ransa.

3/ Ni ɗalibar likitanci ce, aji huɗu, ban zama likita ba tukun. Amma abin da na karanta kuma na gani da idona a ɗakin tiyata ya ishe ni in ce mai saƙon nan ta ji tsoron Allah.

4/ Allurar baya iri biyu ce. Sifainal: ana zuba magani kaɗan, kamar mil 2 zuwa 3, cikin ruwan da ke kewaye da laka. Ita aka fi yi wajen tiyatar haihuwa. Efidural kuwa ba ta huda rigar lakar, a wajenta take tsayawa, a bar siririn bututu ana ƙara magani kaɗan-kaɗan.

5/ Kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1921 wani likitan soja ɗan Sifaniya, Fidel Pagés, ya bayyana yadda ake yin efidural. Sannan laka a jikin babba tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na 1 zuwa na 2, allurar kuma galibi ƙasa da nan ake yin ta.

6/ To me ya sa ƙafa ke mutuwa? Maganin, irin su bufibaken da lidoken, yana tare saƙo ne a jijiya na ɗan lokaci. Kuma ba lokaci guda yake kama su ba. Siraran jijiyoyin da ke tsuke hanyoyin jini su ke fara kwanciya, sai na zafi da ciwo, sai na taɓawa. Masu kauri, na motsi, su ne na ƙarshe.

7/ A nan awo yake aiki. YAWAN ruwan maganin shi ke nuna iya inda zai kai, cibiya ko ƙirji. ƘARFINSA kuma shi ke nuna yadda zai kashe wurin. Mai naƙuda ana ba ta mai tsarma, kamar 0.1%, ciwo ya lafa amma tana motsa ƙafa tana iya nishi. Na tiyata kan kai 0.5%, ƙafa ta yi nauyi ɗungurungum. In magani ya sake ta, ƙafa ta dawo.

8/ Yanzu ga abin da ya kamata a ce kuna tsoro, amma ba wanda ya yi muku saƙon murya a kai: faɗuwar jini. Da jijiyoyin farkon nan sun kwanta, hanyoyin jini sai su buɗe, jini ya taru a ƙafafu. Shi ya sa mace ke jin ƙafarta ta ɗau ɗumi. Wanda ke komawa zuciya ya ragu, awon jini ya sauka, sai jiri da tashin zuciya.

9/ Jinin da ke zuwa mahaifa kuwa ya dogara ne kacokan kan awon jinin uwa. Nata ya sauka, rabon jariri ya ragu. In maganin ya haura har saman ƙirji, zai iya taɓa jijiyoyin da ke hanzarta zuciya, bugunta ya yi sanyi.

10/ Duk wannan an san shi, an san maganinsa. A sa ƙarin ruwa tun kafin allura. A karkatar da ita hagu, don kada nauyin ciki ya danne babbar jijiyar jini. A ba da magani kaɗan-kaɗan, mai ciki ma ba ta buƙatar kamar na kowa. A riƙa awon jini kusan duk minti 5 da farko, efedirin na kusa a hannu.

11/ Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai matsala. In allurar efidural ta huda rigar laka, kusan 1 cikin 100, ana yin ciwon kai mai tsanani, kuma ana maganinsa. Lahanin jijiya mai ɗorewa yana faruwa, amma da wuyar gaske. Mai zubar jini sosai, ko wadda jininta ba ya daskarewa, ko mai ƙurji a wurin, ba a yi mata.

12/ "Ai ni tun da aka min bayana ke ciwo." Sannu Anti, ban ƙaryata ki ba. Amma tambayi maƙwabciyarki da ta haihu a ɗaki, ita ma tana fama. Wata tara na ɗaukar ciki, ga goyo, ga sunkuyon wanki. Ciwon gurbin allura kwanaki kaɗan ne.

13/ Ku kuma asibitocin da ke yin allura a juya baya, ba mai tsayawa a kan mace, na'urar awon jini ɗaya tal ita ma sai an buga ta take aiki, ku ne kuke ba masu jita-jita abin faɗa. In ba ku da ƙwararren mai kashe ciwo, ku tura ta gaba.

14/ 'Yar'uwa, tun a wajen awo ki tambaya: wace iri za a min? Wa zai yi? Wa zai tsaya yana duba jinina? Ki gaya musu duk maganin da kike sha. Maza, ku ne ake miƙa wa takarda a ƙofar tiyata, ku san wannan kafin ranar.

15/ Masu cewa wadda ta nemi a rage mata ciwon naƙuda raguwa ce, ranar da za a cire muku haƙori ku ce ba kwa son allura, sai mu tafa muku.

16/ Yayata dai jiya da ƙafarta ta je rigakafi, yaro a baya. Gwaggo har yau ba ta ce uffan ba. Ku tura wannan zaren duk zauren da kuka tura wancan saƙon.