Kafin ka sayar da raguna ka sauya laftof, buɗe Task Manager

Jama'a, yau sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Makon jiya wani ƙanenmu ɗan Arewa da muke karatu tare a nan Kudu ya same ni a ɗaki. Wai zai sa a sayar da ragunansa a gida ya sauya laftof, don simuleshan ɗin bincikensa a OpenFOAM yana cin awa 14, wuta kuwa ba ta kaiwa haka. Na ce buɗe Task Manager mu gani. Furosesa na kan kashi 13 cikin 100! Ƙwaya huɗu gare ta, ɗaya ce kaɗai ke aiki. Ka tara gayya, ka miƙa wa mutum ɗaya fartanya, sauran na zaune a inuwa, sannan ka ce gona ta yi girma.

Laifin namu ne, mu manya. Da yaro ya kawo kuka sai mu ce "injinka ƙarami ne, sayi babba". Wallahi wannan ba shawara ba ce, lalaci ne. Manhajoji da yawa ba sa raba aiki sai ka umarce su. A OpenFOAM sai ka yanka yankin lissafin da decomposePar, ka tayar da shi da mpirun tare da -parallel, in ya gama ka haɗe da reconstructPar. A MATLAB akwai parfor, muddin zagayen lissafin ba su dogara da juna ba. A Python kuwa, lissafi mai nauyi multiprocessing yake so. Mun raba aikin yaron gida huɗu, ya sauko wajen awa biyar. Ko sisi bai kashe ba.

Masu cewa yawan ƙwaya shi ne komai, ku ma ku saurara. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke taƙaita gudu. Idan kashi 10 na aikin dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya, ƙwaya takwas ba za ta ba ka ninki takwas ba, kusan 4.7 za ka samu. Ko ƙwaya dubu ka tara, ba za ka wuce ninki 10 ba. Mata goma ba sa tuƙa tuwo kafin ruwa ya tafasa. Sannan takwas ɗin da kake gani a allo sau da yawa ƙwaya huɗu ce ta gaskiya, kowace ta kasu biyu. Fara da adadin na gaskiya, ka gwada biyu, ka gwada huɗu, ka rubuta lokacin kowanne. In aikin ƙarami ne, yawan rabawa ma ɓata lokaci yake.

Na yarda akwai aikin da ya fi ƙarfin laftof, musamman in RAM ta cika. Amma ka auna tukuna. Kuɗin nan iyayenmu da gumi suke haɗa shi, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin mota zuwa gida.

Ku kuma da kuka iya kuke ɓoyewa, ku ji tsoron Allah. Wanda nasa ya maƙale ya zo da laftof ɗinsa ranar Asabar bayan La'asar, mu duba tare.