Giyar Port: Dokar Kayyade Kaso Ta Sake Tayar Da Ƙura A Fotugal

Manoman inabi a kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal sun shiga halin ƙunci bayan da aka rage yawan ruwan inabin da doka ta amince a mayar giyar Port zuwa ganga 75,000 a 2025, daga ganga 104,000 a 2023. Kowace ganga lita 550 ce. Dalilin da aka bayar shi ne masu saye sun ragu, rumbuna kuma sun cika.

Port giya ce da ake zuba wa barasa mai ƙarfi tun kafin ta gama tsima, abin da ke sa ta riƙe zaƙinta ta kuma jure doguwar tafiya a teku. Yarjejeniyar Methuen ta 1703, wadda ta sassauta wa giyar Fotugal haraji a Ingila, ita ta buɗe mata kasuwa. Da ciniki ya kankama sai algus ya biyo baya: ana rina giya maras kyau da ruwan 'ya'yan itace don ta yi duhu, farashi kuwa ya faɗi warwas. A 1756 ministan da aka fi sani da Pombal ya kafa kamfani na musamman, ya shata iyakar gonaki da duwatsu, ya kayyade farashi. Masu shagunan giya na birnin Porto suka yi bore a 1757, aka murƙushe su, aka rataye wasu.

Tsarin yau jikan wancan ne. Hukumar IVDP ke sa ido, ana kuma raba gonaki aji-aji, daga A zuwa F a cikin masu samun kaso. Kamar dai yadda OPEC ke rage haƙo mai don tallafar farashi.

Sai dai nauyin ragin bai faɗa kan kowa daidai ba. Manyan kamfanonin da ke Vila Nova de Gaia suna da ajiyar shekaru da za su ci gaba da sayarwa. Ƙaramin manomi kuwa, wanda ke noma a kan gangaren dutse inda inji ba ya hawa, takardar kason nan ce jarinsa, domin inabin da ba ya cikin kaso sau da yawa ba ya mayar da kuɗin noma. Shi ya sa manoma suka fito zanga-zanga a garin Régua, suna neman gwamnati ta sayi rarar ta kuma tilasta amfani da barasar da aka tace daga inabin yankin.