Garin Gyaran Gira Aka Rasa Ido



A watan Oktoba na 2013 kamfanin Yahoo ya sauya wa akwatin imel ɗinsa fuska, ya kawo launuka da hotunan Flickr don ƙawata bango. Nan take masu amfani da shi suka yi ca, da yawansu na kukan an wahalar musu da karatun saƙo.

Mu dai muna bayan masu kukan. Wanda ya buɗe imel karatu ya kawo shi, ado bai dame shi ba. Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta ce bambancin haske tsakanin harafi da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1. Baƙi a kan fari kuwa 21 bisa 1 ne. To me ya kai mutum ga ruwan toka a kan shuɗi?

Kada mu yi wa Yahoo dariya, mu ma haka muke. Sai mu kwana muna rubuta labari, mu ɗora shi da ruwan ɗorawa a kan hoton furanni. Mai karatu yana tsakar rana da ƙaramar waya, lanƙwasar harafi ta nutse, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Shafi ɗaya zai yi ya gudu.

Kafin ku tura, ku fita rana ku karanta a wayarku. In kun runtse ido, ku goge adon.