Me Ke Sa Baƙon Otal Ya Yi Tattalin Ruwa?

Duk wadda ta taɓa sauka a babban otal, mai yiwuwa ta ga ɗan kati a banɗaki, ana roƙon baƙo ya rataye tawul ɗinsa ya sāke amfani da shi, kada a riƙa wanke masa kullum. Ku da kuke wanki kun san yawan ruwa da sabulun da tawul ɗaya yake ci, balle na ɗaki ɗari biyu. Amma baƙo ya riga ya biya kuɗinsa. To, me zai sa ya kula?

Wasu malaman jami'a a Amurka, cikinsu har da Robert Cialdini, sun gwada abin a wani otal, suka buga sakamakon a 2008. A wasu ɗakuna katin ya ce a taimaka a kare muhalli, sai kashi 35 cikin ɗari na baƙi suka amsa. A wasu kuma aka rubuta cewa yawancin baƙin otal ɗin suna rataye tawul ɗinsu, sai adadin ya kai kashi 44. Da aka ce waɗanda suka kwana a wannan ɗakin ne suka yi haka, sai ya haura zuwa kashi 49. Kun gani ke nan, ganin abin da na kusa ya yi ya fi dogon wa'azi shiga jiki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abu na biyu shi ne tilas. A 2018 fari ya matsa wa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, har hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini. Otal-otal da dama suka cire matoshin bahon wanka. Wanda ya ga mutanen gari suna ƙirga ruwa, da wuya ya bar famfo a buɗe.

Na uku shi ne amana. Tun 1986 wani Ba'amurke mai suna Jay Westerveld ya zargi masu otal da fakewa da muhalli don rage kuɗin wanki. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, gama ribar aljihunsu take shiga. Baƙon da ya ga fitilu suna ci da rana tsaka, famfo kuma yana yoyo, ba zai ɗauki katin da muhimmanci ba.

Uwargida, wannan darasi har cikin gidanki. Kafin ki yi wa yara faɗan ɓarnar ruwa, su fara ganin kin rufe randa. Ku kuma 'yan makaranta, musamman na kwana, wadda ta kashe famfo bayan ta cika bokitinta ta koya wa na bayanta ba tare da ta ce uffan ba.

Sai mako mai zuwa.